Kwabon da Ya Haɗa Sarki da Shekarar da Ba Tasa Ba

Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce. Daga Magama kuma, inda shingen kan iyaka yake, sai a miƙe ta Ɗan Isa a faɗa Maraɗi. Harshe ɗaya ake yi a duk tsawon hanyar nan, tuwo ɗaya ake ci, dangi ɗaya ne a gefe da gefe. Amma ka ce "dala" a nan, ka tsallaka ka sake faɗa a can, ba abu ɗaya ka faɗa ba. Dattijon Katsina in ya ce dala, sule biyu yake tunawa, kuɗin da aka daina kashewa tun 1973. Mutumin Maraɗi kuwa sefa 5 yake nufi, kuma yau ma da ita yake ciniki: tsabar da aka rubuta wa 25 ita ce dala biyar, mai 100 ita ce dala ashirin, takardar 1,000 kuma jika. Ido na karanta lamba ɗaya, baki na faɗar wata.

Uwar dalolin nan biyu ɗaya ce, wata ƙatuwar tsabar azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ayari ya riƙa ketowa da ita ta hamada. Nauyinta giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinta azurfa ce. Turawan Faransa da suka zo da tasu tsabar azurfar ta faran 5, mai kusan girmanta, sai sunan ya bi ta. A ɓangaren Ingilishi sunan ya sauka a kan fataka, wato sule biyu.

Wannan tsabar ita ce darasi na farko ga duk mai son sanin darajar tsohon kuɗi, domin shekarar da ke jikinta ba ta faɗar gaskiya. Kusan duk wadda za ka gani a hannun tsofaffi ko a teburin masu sayar da kayan da, 1780 ce a rubuce, shekarar da sarauniyar ta rasu. 'Yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da ita haka, ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, shi ya sa aka ci gaba da buga ta da tsohuwar shekarar. An buga ta a Biyana, an buga a Rum da Landan da Paris da Bombai, kuma har yanzu ba a daina ba. Wanda ya ce maka dalarsa ta shekara 240 da wani abu saboda ya ga 1780, wataƙila kakarsa ta girmi dalar.

Kafin duk wannan, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, kalmar "kuɗi" ma jam'in "wuri" ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina zuwa Kano a farkon 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya wuri 2,500 a Kano. Wuri ba shi da maƙeri, saboda haka ba shi da kuskuren maƙeri. Ko dai lafiyayye ne ko fasasshe. Tambayar da wannan rubutu yake bi, wato ko aibin da ke jikin kuɗi daga gidan bugu ya fito da shi ko a hannun mutane ya same shi, ba ta taso wa talaka ba sai da kuɗin ƙarfe ya shiga aljihun kowa.

Hakan ya zo tare da iyakar kanta. Katsina ta shiga hannun Ingilishi a 1903. Maraɗi, inda sarakunan Haɓen Katsina suka kafa zama bayan jihadi, ta faɗa rabon Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka tun daga Kwara har tafkin Cadi. A tsakiyar wannan aiki, cikin 1907, aka fito da kuɗin ƙarfe na farko da aka yi musamman don Nijeriya: kwabo da anini, duka masu huji a tsakiya, da kambin sarauta da sunan sarkin Ingila da rubutun Larabci a fuska ɗaya, tauraro mai tsini shida da shekara a ɗaya fuskar. Anini goma ne kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. An ƙirƙiro anini ne don ya maye gurbin wuri a cinikin gishiri da daddawa, inda kwabo ɗaya ya yi yawa. Ɗari, wato rabin kwabo, ya biyo baya a 1911. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, a 1913 kuma ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa.

Aninin farko da gorar ruwa aka yi shi, wato alminiyam, kuma ana lissafa shi cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a duniya. Bai jure gumi da damshi ba. A 1908 aka koma yin sa da garwayen tagulla da nikel. Wanda ya tsinci aninin 1907 a yau zai gan shi da ƙuraje da farin gari kamar an barbaɗa masa toka. Wannan ba kuskuren bugu ba ne, ƙasa ce ta ci shi.

Me ya sa maganar ta zama abin damuwa yanzu? Saboda waya. Ana ta yawo da hotuna da bidiyo a WhatsApp da TikTok cewa wani kwabo a Amurka ya yi miliyoyi don an yi kuskure wajen buga shi, kuma akwai gaskiya a ciki. A 1955 gidan bugun Filadelfiya ya saki santi ɗaya mai hoton Lincoln wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu, masu tara tsofaffin kuɗi suna biyan kuɗi mai kauri a kansa har yau. A 2008 gidan bugun Ingila ya saki tsabar fam ɗin su ta kwabo 20 ba tare da shekara ba ko a fuska ɗaya. To da labarin ya iso nan sai ya haɗu da tsohuwar jita-jitarmu ta kwabo mai huji da jan makuri da dutsen guga mai zakara, ya zama wani abu daban. Yanzu duk kwabon da ya lanƙwashe ko ya ɓantare, "na musamman" ne. Asara kuwa ta fuska biyu take zuwa. Akwai wanda zai sayar da tunkiya ya sayi kwabon da aka dake da guduma. Akwai kuma wanda zai juye gwangwanin kakarsa gaba ɗaya a sikelin 'yan gwangwan a auna masa da kilo, alhali mai yiwuwa a cikinsa akwai ƙwaya ɗaya da ta fi duk sauran daraja.

Rarrabewar ba ta da wuya in an san yadda ake yin tsabar. Ana murza ƙarfe ya zama falle, a huda shi a fitar da 'yan faya-fayai marasa rubutu, a matse gefensu ya ɗan taso. Daga nan kowane faifai zai shiga cikin wani zobe da ke riƙe shi, hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su dake shi lokaci ɗaya da nauyin tan masu yawa. Duka ɗaya ne yake fitar da fuska biyu. A lokacin ƙarfen yana gudana kamar ƙullu, ya cika duk wani rami da ke jikin hatimin. Duk abin da ya faru kafin wannan duka ko a cikinsa, kuskuren gidan bugu ne. Duk abin da ya faru bayansa rauni ne, ko da a ƙofar gidan bugun ya faru.

A sana'ata ta rubuta manhaja, in aka kawo ƙarar cewa abu ya lalace, tambayar farko ita ce: za a iya maimaita shi? Kuskuren da ke cikin rubutun manhajar zai bayyana iri ɗaya sak a wayar kowa, daga Jibiya har Legas. Tsagewar gilashin waya kuwa ta mai wayar ce shi kaɗai. Haka hatimi yake. In ya tsage, duk tsabar da ya buga daga ranar za ta fito da layi a wuri ɗaya, kuma layin tasowa zai yi sama, domin ƙarfe ne ya shiga tsagar. Karta da wuƙa ko ƙusa ta yi kuwa rami ce, ta nutsa ciki, kuma in ka duba da kyamarar waya ka ƙara girma za ka ga ɗan tudun ƙarfen da aka ture a bakinta kamar kunyar gona. Ƙarfe ba ya ɓacewa. In ya bar wuri, akwai inda ya tafi, kuma inda ya tafi ne yake ba da shaida.

Mafi daɗin labari a cikin kurakuran hatimi shi ne wanda Turawa suka raɗa wa sunan alfadari. Sunan ya dace. Kamar yadda alfadari yake ɗan jaki da goɗiya, haka wannan tsabar take: fuskarta ɗaya ta wani kuɗi ce, ɗaya ta wani, ma'aikaci ne ya ɗauko hatimin da bai kamata ba ya haɗa. Kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, daga cikin sanannun alfadaran duniya akwai kwabon da iyayenmu suka sayi ƙuli-ƙuli da shi.

Ba a Nijeriya ake buga kuɗin ba a lokacin. Gidan bugun gwamnatin Ingila a Landan yana yin wasu, yawancin sauran kuma a ba da kwangila ga kamfanoni biyu na birnin Bamingam: Heaton, mai sa ƙaramin harafin H a jikin abin da ya buga, da King's Norton, mai sa KN. Waɗannan kamfanoni suna buga wa ƙasashe da dama a ɗaki ɗaya, hatiman wannan ƙasa a kusa da na waccan.

Sarki Edward na VIII ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar saboda matar da ya nace zai aura. Ingila kanta ba ta kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Amma kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoto, suna kawai ake sauyawa, don haka anini da ɗari da kwabo masu sunan EDWARDVS suka fito suka shiga kasuwannin Katsina da Kano. Masu talla a waya suna son wannan labari ƙwarai, sarkin da bai cika shekara ba, kwabon da ba a samu. Gaskiyar ita ce an buga su da miliyoyi, kuma suna cikin masu araha a wurin masu tarawa. Wanda ke da wuya shi ne ɗan'uwansa na wannan shekara mai harafin H, wanda aka haɗa bayan kwabonmu mai tauraro da fuskar santi 10 na Afirka ta Gabas, kuɗin Kenya da Yuganda, shi ma mai huji kuma mai kusan faɗi ɗaya. Fuska ɗaya na cewa Afirka ta Yamma, ɗaya na ƙirga santi, kuɗin da ba a taɓa kashewa a nan ba.

Shekara tara bayan haka aka sake. Akwai kwabo mai shekarar 1945 da harafin H wanda ke ɗauke da sunan Edward, mutumin da ya bar sarauta tun 1936, ƙaninsa George na VI yana kan gado. Wani ya ɗauko tsohon hatimi daga ma'aji ke nan. Sai kuma na uku, wanda ya fi sauran yiwuwar samuwa a gidajenmu: kwabon 1956 mai H da ke ɗauke da sunan GEORGIVS, alhali George ya rasu tun Fabrairun 1952, 'yarsa Elizabeth ta shekara huɗu tana mulki. Abin ya faru sau uku a gida ɗaya, kuma ina ganin na san dalili. A kuɗi mai hoto, ko makaho ya shafa zai bambanta kan namiji da na mace. A kwabonmu kuwa kambi ne da huji da 'yan haruffa a kewaye, su ma a juye suke a jikin hatimi. Ma'aikacin da ya gaji ba zai tsaya karantawa ba. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan: fayil biyu masu suna kusan ɗaya a jaka ɗaya, ranar da za a ɗauki wanda ba shi ba tana nan tafe.

Gane alfadari ba ya buƙatar wata na'ura. A karanta sunan sarki a fuska ɗaya, a juya a karanta shekara, a tambaya ko sun yi zamani. George na V daga 1910 zuwa farkon 1936, Edward 1936 kaɗai, George na VI daga nan zuwa 1952, sannan Elizabeth. In sun saɓa, sai a shiga bincike na biyu, domin alfadari ma ana ƙirƙirarsa. Maƙeri mai hannu zai iya goge kwabo biyu kowanne ya koma rabin kauri ya manne su. A nan hujin ya yi mana rana: a leƙa bangonsa da kuma gefen tsabar, in an haɗa za a ga layin haɗin. A sake ta a hankali a kan siminti a saurara, lafiyayya tana da amo mai tsawo, haɗaɗɗiya tana yin "ƙwas" ta yi shiru. Wata dabarar ita ce sassaƙa lamba, a mayar da 1952 ta koma 1956. Lambar da aka taɓa ba ta zama daidai da 'yan'uwanta, kuma filin da ke kewaye da ita yakan ɗan zurfafa.

Hujin kansa yana da nasa kurakuran, domin huda aiki ne daban da bugu. Akan sami kwabon da hujinsa ya kauce gefe, akan kuma sami wanda ya tsallake ba a huda shi ba sam. Na biyun abin nema ne, shi ya sa ake toshe hujin da dalma ko tagulla a goge a ce haka ya zo. Sikelin masu sayar da zinariya yana raba gardama: a auna shi tare da lafiyayyen kwabo na shekararsa, marar huji na gaske zai fi nauyi da gwargwadon ƙarfen da ba a cire ba, launin tsakiyarsa kuma ɗaya ne da na sauran jiki, babu zoben haɗi.

Sauran kurakuran bugu ba sa maimaituwa sak, amma suna bin dokar inji. In faifai bai zauna daidai ba hatimi ya dake shi a karkace, za a ga wani yanki kamar jinjirin wata babu rubutu, kuma kaucewar iri ɗaya ce a fuska biyun, nauyi bai ragu ba. In injin huda ya ci gefen faifai tun kafin bugu, tsabar za ta fito da giɓi mai lanƙwasa, rubutun da ke kusa da giɓin yana dusashewa a hankali, kuma sau da yawa gefen da ke fuskantar giɓin daga ɗaya ɓangaren yakan yi rauni, domin injin da ke tayar da gefe bai sami abin tokarawa ba. Wanda aka yanka da almakashin maƙera ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, rubutu na tafiya garau sai kawai ya yanke. In maiƙo ya cika wani harafi a hatimi, harafin ba zai fito ba, wurin zai yi sumul ba zane. Wanda aka goge da magagari kuwa zane-zanensa na nan.

Ni dai raunukan sun fi jan hankalina, domin kuskure labarin Bamingam ne, rauni kuwa labarinmu ne. Dala mai huji a saman kan sarauniya, ko mai tabon dalma inda aka taɓa manna mata kunne, ta rataya a wuyan wata amarya ko a goshin wata Bafillatana. Sulallan azurfa na 1913 zuwa 1920 da yawa ba su tsira ba ma, maƙeran farfaru sun narka su sun zama zobba da mundaye, musamman da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, abin da ya sa hukuma ta koma yin su da farar tagulla mai ruwan ɗorawa a 1920. Kwabon da hujinsa ya buɗe ya lotsa ciki, da da'irar tsatsa a kewaye, ƙusa ce ta bi ta cikinsa a kan rufin kwano. Wanda hujinsa ya side ta gefe ɗaya ya daɗe a zare. Wanda ya baje ya yi faɗi kamar waina, rubutu ya miƙe, yara ne suka ɗora shi a kan dogo, amma ba yaran Jibiya ba, don jirgin da ya iso Kano a 1911 bai taɓa biyowa ta Katsina ba, sai yanzu da ake shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Akwai wanda aka ɗaure wa jariri a cibiya. Akwai wanda ya kwana shekara 50 a tukunya a ƙarƙashin ɗaki ya fito kore shar. Ko ɗaya ba zai yi kuɗi a wurin masu tarawa ba, kuma duk wanda ya ce maka zai yi, yana da abin da yake son sayar maka.

Akwai rukuni na uku da ba kuskure ba ba rauni ba, shi ne jabu. Da aka bar azurfa, sulen tagulla ya yi sauƙin kwaikwayo, aka yi ta zuba shi a ɓoye a shekarun 1920 da 1930, har masana harshe suna danganta kalmar "jabu" da sunan Ijebu, inda aka yi kaurin suna da sana'ar a lokacin. A 1938 hukuma ta sauya garwayen ƙarfen ta kuma yi wa gefen sule da fataka wata kwarya mai ɗige-ɗige a ciki wadda ke da wuyar kwaikwayo. Jabun wancan zamani zubi ne ba bugu ba, don haka rubutunsa ba shi da kaifi, jikinsa na da 'yan ramuka kamar na soso. Mai talla zai ce maka hatimi ne ya gaji. Ba hatimi ya taɓa shi ba.

Yanzu a tsallaka Magama. Kuɗin sefa an ƙirƙire shi a Disambar 1945, kuma tsabarsa gidan bugun Faransa ne ke yin ta, shi ya sa in ka ƙura ido kusa da shekara ko lamba za ka ga 'yan alamu biyu ƙanana, ɗaya kamar ƙaho. Ba tabo ba ne, sa hannun gidan bugun ne da na babban mai sassaƙarsa. Abin da ke tsakiyar ɗaya fuskar, mai kama da kifi mai bakin zarto, siffar ma'aunin zinariya ce ta mutanen Akan, ita ce tambarin babban bankin ƙasashen. Amma abin da ya fi rikita mutane a bakin iyaka shi ne wannan. Riƙe kwabon Ingilishi ko naira ɗaya ta ƙarfe, rubutu a tsaye, ka juya ta gefe kamar shafin littafi: bayanta ma a tsaye zai fito. Yi wa dala ko dala biyar ko dala ashirin haka: bayanta zai fito kai ƙasa. Wanda ya saba da kuɗin Nijeriya zai rantse an yi kuskure, kuma akwai masu sayar da ita a haka ga wanda bai sani ba. Al'adar Faransa ce, haka duk ake buga su, Amurka ma haka take yi. Kuskure na gaske shi ne wadda ta saɓa wa 'yan'uwanta na ƙasarta da shekararta. Ba a auna sefa da mudun naira.

Haka maganar launi da maganaɗisu. Kwabon Ingilishi fari ne har 1951, daga 1952 ya koma ja, domin an sauya ƙarfe. Dala ashirin ta nikel maganaɗisu na kama ta, kwabon da kuwa ba ya kamuwa, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay da ta fito a 1991 tana kamuwa domin cikinta baƙin ƙarfe ne. Babu makuri a ciki, babu wani sirri. Shekarar 1959 da ke jikin kuɗin farko na babban bankin Nijeriya, taro mai auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa, ita ma 'yar'uwar 1780 ce: an ci gaba da buga yawancinsu da wannan shekara bayan ta wuce.

Iyakar nan an sha rufe ta, kuma sau ɗaya saboda kuɗi ne kai tsaye: a Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira ta garƙame kan iyakoki don kada waɗanda ke waje su dawo, ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa a 2019, an kuma a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. A tsakanin nan tsabar Nijeriya ta mutu a hankali. Na ƙarshe da aka fitar, kwabo 50 da naira 1 da naira 2 na 2007, ba su daɗe a hannu ba, yaron da aka haifa a shekarar wataƙila bai taɓa sayen komai da su ba. A Maraɗi kuwa tsaba na nan da ranta, ana ma faɗa a kanta: mai shago ya ƙi karɓar dala ashirin don ta side rubutu ya goge, alhali babban bankin ya sha nanata cewa sidaddiya ma kuɗi ce. Wato a gefe ɗaya na shingen rauni yana rage wa tsaba daraja a gaban mai tebur, a ɗaya gefen kuma ana tallar raunin a matsayin dukiya.

Wanda ya gaji gwangwani ko 'yar jakar fata ta tsofaffin kuɗi, abu ɗaya nake roƙonsa kafin komai: kada ya wanke. Tsamiya da lemon tsami da toka da soson ƙarfe suna sa kwabo ƙyalli, amma suna cinye fatar da hatimi ya bari, kuma a wurin masu saye na gaske wankakke rauni ne kamar kowane rauni. Ruwan batir ya fi muni, yana mayar da tsaba siririya mai rubutu dishi-dishi, har wasu su ɗauka an buga ta ne a kan faifan da bai kai kauri ba. A shimfiɗa su a kan farin ƙyalle da rana, a ware masu huji gefe, a ware jajaye daga farare. A cikin farare a nemi 1945, a juya a ga ko Edward ne, a nemi 1936 a ga ko an ambaci santi. A cikin jajaye a nemi 1956 a karanta sunan da ke kewaye da kambin. Kusan duka ELIZABETH za a gani.